Yini Guda a Bakin Ganuwar Bebeji

Kawuna tsohon soja ne, ya yi ritaya yana saje bayan shekaru masu yawa a cikin kaki, har da zaman da ya yi a Laberiya a aikin kiyaye zaman lafiya, ni kuwa malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare. Mun daɗe muna gardama da shi a kan yadda Kano ta faɗi a hannun Turawa a shekarar 1903. Ni ina cewa bambancin makami ne ya yanke hukunci, shi yana cewa wanda bai taka filin da ƙafarsa ba bai kamata ya yi saurin ɗora wa bindiga dukan laifi ba. Da gardamar ta ƙi ƙarewa, sai muka sa ranar zuwa Bebeji, garin da aka fara arangama a cikinsa kafin a isa birni. Da gangan muka zaɓi ƙarshen watan Janairu, domin a irin wannan lokaci ne rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta taso daga Zariya, kuma Kawu ya ce yana so ya ji irin sanyin da mutanen suka ji, ya ga irin hazon da suka gani.

Mun bar Kano bayan sallar asuba, muka bi hanyar Zariya a motar haya. Hunturu ya sauka sosai, har direba bai kashe fitila ba sai da muka wuce Kura. A wajen Kadawa gonakin rani sun yi kore shar a tsakiyar ƙasar da ta bushe, masu tumatir suna ta jera kwanduna a bakin titi. Kawu bai ce komai a kan wannan ba, idonsa yana can nesa, yana duban yadda ƙasar ta shimfiɗe babu tudu babu kwari sai kukoki da ɗorawa jefi-jefi. Da muka sauka a inda ake ratsewa zuwa garin, kafin mu hau babur, ya ce da ni: "Ɗana, ka lura da ƙasar nan. Mai doki yana sonta domin babu abin da zai tare shi, amma mai bindiga ya fi shi sonta, domin babu inda dokin zai ɓuya."

Bebeji tsohon gari ne na fatauci. A kan hanyar ayari yake tsakanin Kano da Zariya, Baturen nan matafiyi Clapperton ya ratsa ta cikinsa a 1826 ya kuma rubuta cewa babban gari ne mai yawan jama'a, kuma a nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa masu safarar goro daga Gwanja. Wannan ya dame ni tun muna hanya, domin garin fatake ba ya rasa labari. Mutanen da ke kai da komowa har ƙasar Ashanti sun san abin da Nasara suka yi wa Kumasi. A kusa kuma, an ci Bida da Ilori a 1897, Faransawa sun kama Damagaram a 1899, sun kashe Rabe a 1900, Kwantagora da Yola sun faɗi a 1901, Bauci ta bi a 1902, a shekarar ce kuma aka kama Sarkin Zazzau Kwasau. Ba wanda zai ce yaƙin ya zo wa Kano da bazata. Shekara shida cur ana jin ƙarar abin yana matsowa.

Wani dattijo da aka haɗa mu da shi ta hannun abokin aikina ne ya karɓe mu a zaurensa. Bayan gaisuwa da tambayar iyali da sanyi, aka kawo mana koko da ƙosai, sannan ya ɗauki sandarsa ya ce mu je ya nuna mana inda ganuwa ta bi. Abin da ya rage bai wuce tudun jar ƙasa ba, a wani wuri ya kai ƙugu, a wani wuri ya ɓace ƙarƙashin gidaje da gonaki, a wani wurin kuma masu yin tubali sun haƙe shi. Na yi masa tambaya cikin ladabi: "Baba, me magabata suka bar muku game da ranar?" Ya ce abin da ya ji daga bakin manya bai wuce abu biyu ba, wato ƙarar da ba a taɓa jin irinta ba, da kuma saurin da abin ya ƙare.

Abin da aka rubuta ya yi daidai da wannan. Morland ya bar Zariya ranar 29 ga Janairu, 1903, da sojoji baƙaƙen fata fiye da 700, da Turawa ƙasa da 40, da igwa 4, da bindiga mai ruwa 4. Ranar 1 ga Fabrairu suka tsaya a gaban Bebeji suka tarar da ƙofa a rufe. Kyaftin Abadie, Razdan na Zariya, ya matsa ya yi magana da mutanen gari a kan su buɗe, suka ƙi, domin suna ƙarƙashin umarnin Sarkin Kano. Sai aka saita igwa a kan ƙyauren, harsashi ya farfasa shi, ya kashe sarkin garin tare da mutanen da ke tsaye a bayan ƙofar. Daga nan har bakin birni babu garin da ya sake tsayawa, duk da cewa akwai garuruwa masu ganuwa da dama a hanyar, kuma ba a daɗe da gyara ganuwoyinsu ba.

Da na gama karanta wannan daga takardar da na riƙo, sai Kawu ya miƙa mini hularsa ta sanyi, ya juya wa tudun baya, ya fara tafiya cikin gonar da aka girbe yana ƙirga takunsa. Ya tsaya a wani wuri ya ɗaga hannu, ya ce a kiyasinsa nan ne iyakar inda kibiya za ta yi wa mutum lahani, kuma ina iya ganin fuskarsa sarai. Ya ci gaba har ya zama ɗan ƙaramin abu a cikin hazo, ya sake ɗaga hannu, wato ko daga can bindigar soja za ta sami wanda ya leƙo ta kan ganuwa. Da ya dawo yana haki na ɗauka ya ba ni gaskiya ke nan. Sai ya ce: "Wannan ratar da ka gani, kowa ya san da ita tun ranar Bida. Tambayata ita ce, me aka yi da sanin? Mutumin da ya san makaminsa gajere ne ba ya tsayawa a inda mai dogon makami yake so ya same shi."

Wannan magana ce ta sauya mini yadda nake kallon al'amarin, kuma a kanta muka shafe sauran yinin. Ba a zauna haka kawai ba a Kano. Sarkin Kano Alu ya sa an gyara ganuwar birni da na garuruwan da ke kewaye, an yashe gwalalo, an tara 'yan bindiga. Shi kansa mayaƙi ne da ya san fama, shi ya jagoranci Yusufawa, magoya bayan ɗan'uwansa Yusufu, suka ci yaƙin Basasa da aka yi daga 1893 zuwa 1895, ya gwabza da Damagaram a Gezawa da Tattarawa, ya yi fama da Ningawa, kuma ba a banza ake kiransa Mai Sango ba. Amma dukan shirin da aka yi, shiri ne na irin yaƙin da aka saba. Ganuwa maganin mahaya ce masu kawo hari su kwashi mutane da dabbobi su juya, ko masu kewaye gari su jira yunwa ta yi musu aiki. An ƙara wa tsohon magani ƙarfi, alhali cutar da ke tafe sabuwa ce. Ina ganin wannan ya fi rashin shiri haɗari, domin wanda bai shirya ba yana cikin fargaba yana neman dabara, wanda kuwa ya yi shirin da bai dace ba yana kwana da nutsuwar da ba ta da tushe.

Kawu ya ja hankalina ga wani abu da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun da na yi ina koyar da wannan darasi. A Bebeji ƙyaure aka fasa, ganuwar kanta ba a rusa ta ba. A birni ma, ranar 3 ga Fabrairu, ƙananan igwogin Morland ba su iya yi wa badala komai ba, domin tsawon kewayenta ya kai mil 11, kaurinta a gindi ya kai ƙafa 40, har Gwamna Lugga da kansa ya rubuta cewa bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. Sun gwada Ƙofar Dukawuya abin ya faskara, sai suka zagaya zuwa Ƙofar Kabuga, a nan suka sami kafa suka kutsa. "Ka ga," in ji Kawu, "ƙasa tana haɗiye harsashi, itace ne ba ya iyawa. Kwana biyu ke tsakanin nan da can. Da akwai wanda ya kwashi labarin abin da ya faru a ƙofar nan ya kai birni, da kuma akwai mai ikon cewa a cike bayan kowace ƙofa da ƙasa a daren, da aƙalla sun sha wuya kafin su shiga." Ban san ko hakan zai hana birni faɗuwa ba a ƙarshe, kuma shi ma bai yi da'awar haka ba. Abin da yake nufi shi ne an sami darasi da jinin mutanen Bebeji, amma babu hanyar da darasin zai bi ya zama umarni.

Dalilin rashin wannan hanya shi ne abin da ya fi ɗaci a labarin. Sarki ba ya gari. A farkon watan Janairu Alu ya tafi Sakkwato da dawakai wajen 2,000 da mafi yawan manyan hakimansa, domin yin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya hau bayan rasuwar Abdurrahman a watan Oktoban 1902. Ya bar tsaron birni a hannun manyan bayin sarki, Sarkin Shanu da Sallama. Mutanen nan ba su gaza wajen aminci ba, Sarkin Shanu a gidan sarki ya mutu yana faɗa. Sai dai riƙon amana daban, ikon sauya dabara daban. Wanda aka ce masa ya tsare ƙofa zai tsare ta har ya mutu, amma ba shi da hurumin cewa a bar ƙofar a ja abokan gaba cikin lunguna, ko a fita da dare a auka wa 'yan dakonsu, ko a aika a nemi sulhu.

A nan dattijon ya sa baki, kuma na ji daɗin da ya yi, domin mun fara yi wa Sarki Alu hukunci da sauƙin wanda ya riga ya san ƙarshen labari. Ya ce: "Malam, ku yi masa adalci. Mubaya'a wajibi ce a kansa, kuma Sakkwato gidan kakanninsa ne." Gaskiya ya faɗa, mahaifiyar Alu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce. Ban da haka, yaƙin da ke tafe ya fi ƙarfin Kano ita kaɗai, kuma neman matsaya guda da Sakkwato tunani ne mai kyau. Shugabannin lokacin sun rabu a kan abin yi, wasu suna ganin a yi yaƙi, wasu a yi sulhu a tsare addini da rayuka, wasu a yi hijira zuwa gabas, kuma a cikin wasiƙun da aka samu a Sakkwato daga baya akwai wadda Alu ya nuna cewa hijira ce ya ga ta fi. Ban ga laifi a kowane ɗaya daga cikin ra'ayoyin nan ba, kowanne yana da hujjarsa a wurin malamai. Inda na ga rauni shi ne an bar lokaci ya ƙure ba a tsaya a kan ɗaya ba. An umarci talakawa su gyara ganuwa kamar za a zauna a yi yaƙi, alhali zuciyar shugaba ta karkata ga tafiya, kuma an karɓi Magajin Keffi Ɗan Yamusa da girmamawa bayan ya kashe Baturen mulki Kyaftin Maloni a watan Oktoban 1902, wanda hakan ya ba Lugga hujjar da yake nema, ba tare da an ɗauka cewa daga ranar an shiga yaƙi ba. Mutanen da suka tsaya a bayan ƙyauren Bebeji sun bi umarnin da aka ba su, amma babu wata runduna a bayansu da aka shirya za ta kawo musu ɗauki.

Bayan azahar muka koma zaure, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, hira ta koma kan ɗaya ɓangaren. Na daɗe ina gaya wa ɗalibaina cewa Turawa ne suka ci Kano, amma idan aka duba adadin, Turawan ba su cika 40 ba. Waɗanda suka riƙe bindigogin, suka ja igwa, suka kutsa ta Kabuga, 'yan ƙasa ne, kuma da yawansu Hausa suke ji kamar waɗanda ke kan badala. Kawu ya daɗe a kan wannan batu, domin a nan ne aikinsa yake. Ya ce jini ɗaya ne, zuciya ɗaya ce, abin da ya raba su shi ne fareti da atisaye na kullum, da albashi mai zuwa a kan lokaci, da harsashin da aka ƙirga aka ɗora wa 'yan dako tun daga Zariya, da kuma sanin da kowane soja ya yi cewa idan an ba da umarni na kusa da shi ma zai bi. Ya ce tsayawa a sahu mai kusurwa huɗu alhali dawakai suna tahowa a guje ba jarumtar mutum ɗaya ba ce, abu ne da ake maimaitawa a filin horo har jiki ya riƙe shi ko da hankali ya tashi. Ya tuna wani hafsa da ya yi aiki a ƙarƙashinsa a Laberiya, wanda ba ya cin abinci sai yaransa sun ci, kuma kowane dare sai ya zagaya wuraren gadi da ƙafarsa. "Ba mu taɓa tambayar ko yana ina ba," in ji shi, "shi ya sa ba mu taɓa tunanin gudu ba."

Abin da ya faru da rundunar Kano a hanyar dawowa ya tabbatar da maganarsa ta fuska mai ban tausayi. Labarin faɗuwar birni ya same su a ƙasar Zamfara. Sarki Alu ya rabu da jama'arsa da dare ya yi arewa, aka wayi gari runduna ba ta da kai, ta rabu biyu. Wambai Abbas ya ja wani kashi ya nufi Kano ya yi sulhu, shi ne aka naɗa sarki a watan Afrilu. Waziri Ahmadu ya ja sauran, suka haɗu da wani ɗan ƙaramin rukunin sojoji a Kwatarkwashi a ƙarshen Fabrairu, mutum 40 da 'yan kai ƙarƙashin Laftanar Wallace Wright, suka yi ta kai musu hari a kan dawakai har wajen sa'a biyu ba su iya fasa sahun ba. A nan Waziri ya faɗi, shi ya sa ake kiransa Mai Shahada. Babu mai karanta wannan ya ce mazan Kano sun rasa zuciya. Sun kai hari irin wanda aka kai a Bida shekara shida kafin nan, sakamakon kuma bai sauya ba. Shi kuwa Alu an kama shi a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, inda ya rasu a 1926.

Na kawo wa Kawu misalin Haɗeja don in gwada ƙarfin hujjarsa, domin a can, a watan Afrilun 1906, Sarki Muhammadu bai bar garinsa ba, ya tsaya tare da mutanensa aka yi faɗa har cikin lunguna da gidan sarki, ya yi shahada, amma garin ya faɗi duk da haka. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya amsa cewa haka ne, tsayuwar shugaba ba ta maye gurbin horo da makami da dabarar da ta dace, kamar yadda su ma ba sa maye gurbinta. Na lura a nan ne gardamarmu ta shekaru ta mutu ba tare da ɗayanmu ya ci ba, domin ni na daina cewa bindiga ce kaɗai, shi ma ya daina yin kamar ratar da ya auna da ƙafarsa da safe ƙaramar aba ce.

Akwai wani abu da ya tsaya mini a rai, wanda na faɗa wa dattijon kafin mu tashi. A wurin Ingila wannan ƙaramin yaƙi ne, farmaki na 'yan makonni a wani lungu na daularsu, wanda Lugga ya tsara da ƙananan kuɗi da sojojin da ke hannunsa, har mahukuntan Landan suna ɗari-ɗari da shi. A harin birni ba su rasa ko mutum ɗaya ba sai 'yan raunuka, alhali rahotonsu ya ce an kashe mutanen Kano wajen 300. A wurinmu kuwa shi ne ya rufe wani zamani ya buɗe wani. Ɓangare ɗaya ya san iyakar abin da yake nema, wato birni da sarki mai biyayya da hanyar kasuwanci a buɗe, ya auna ƙarfinsa daidai da wannan buƙata. Ɗaya ɓangaren, wanda komai nasa ke kan faranti, bai tsai da abin da yake so ya tsare ba kafin a iso ƙofarsa, ko birni ne, ko runduna, ko jama'a, ko sarauta. Dattijon ya gyaɗa kai ya ce shi abin da ya sani shi ne mutanen da suka mutu a ƙofar garinsu manoma ne da 'yan kasuwa da aka ce su tsaya suka tsaya, kuma ya roƙe ni idan na koma aji in riƙa ambaton Bebeji kafin in ambaci Kabuga. Na yi masa alkawari.

Da la'asar sakaliya ya rako mu har bakin tudun da muka fara tsayawa da safe. Iska ta taso tana kwasar ƙura daga gonaki, yara suna koro awaki ta wani gurbin da ganuwar ta zube. Kawu ya cire takalmansa ya fuskanci gabas, muka ɗaga hannu tare da dattijon muka yi wa waɗanda suka kwanta a wurin addu'a, muka shafa. Sannan ya ciro ɗan littafin aljihunsa ya rubuta adadin takun da ya ƙirga, na kibiya da na bindiga, ya yage takardar ya ba ni, ya ce in kai ɗalibaina filin makaranta in sa su auna da ƙafafunsu. Masu babur biyu suna jiranmu a gindin wata tsamiya, muka yi sallama da Baba, muka hau don mu riski motar Kano kafin magariba.